Baƙin beyar na duwatsun Smoky: yadda za ka gane shi, da yadda za ka kalle shi ba ka ja masa halaka ba

Jama'a assalamu alaikum. Yau zancen beyar zan kawo muku, dabbar nan da mu can gida ba mu da ita sam, sai dai a gan ta a talabijin ko a 'yar tsanar yara. Tunda Allah ya kawo ni gabashin jihar Tennessee da zama, kusan duk baƙon da ya sauka wajenmu, ɗalibi ne ko ɗan uwa da ya zo ziyara, da an gaisa an ci abinci sai ka ji ya ce wai da gaske akwai beyar a dutsen nan, za a kai ni in gani? Eh akwai, kuma ana ganinsu sosai ma, amma akwai abubuwan da nake so mutum ya sani tun kafin ya shiga mota, domin wallahi abin da mutane ke yi wa dabbar nan da sunan sha'awa yana ci min rai.

Wurin da nake magana shi ne gandun dajin Great Smoky Mountains, wanda ya kwanta a kan iyakar Tennessee da North Carolina, an kafa shi a 1934. Duwatsu ne masu lulluɓe da itatuwa tun daga ƙasa har ƙololuwa, da wani hazo mai shuɗi-shuɗi da ke kwanciya a kansu kamar hayaƙi, daga nan sunan ya samo asali. Asalin ƙasar ta ƙabilar Cherokee ce, har yanzu suna nan a ɓangaren North Carolina, kuma a 2024 aka mayar wa dutse mafi tsawo a dajin sunansa na Cherokee wato Kuwohi, tsayinsa mita 2,025, a tatsuniyoyinsu ma can ne beyar ke taruwa su yi shawara. Toh wannan daji shi ne gandun da aka fi ziyarta a duk manyan gandayen ƙasa na Amurka, wajen mutum miliyan 12 ke shigarsa a shekara, beyar kuma hukumar gandun ta ƙiyasta sun kai wajen 1,900, wato kusan biyu a kowane murabba'in mil. Ka haɗa lissafin nan biyu ka ga, mutum miliyan 12 da beyar 1,900 a daji ɗaya, dole a yi ta haɗuwa, kuma yawanci ba mutum ne ke kwana ciki ba.

Bari mu fara da gane shi. A nan gabashin Amurka abin da sauƙi, beyar iri ɗaya ne kawai, baƙin beyar, kuma kusan dukkansu baƙaƙe ne wuluk, gashin na sheƙi in rana ta haska shi, sai dai bakinsa zuwa hanci launin ƙasa-ƙasa ne, wasu kuma da ɗan farin tabo a ƙirji. Kunnuwansa a tsaye suke da ɗan tsawo, fuskar a miƙe take tun daga goshi har hanci ba lotsawa, wutsiya 'yar guntuwa da ba ka ma lura da ita, in yana tafiya da ƙafa huɗu za ka ga ƙugunsa ya ɗan fi kafaɗarsa tudu, yana tafe yana wani rangaji kamar mai jin kasala. Kar wannan tafiyar ta ruɗe ka fa, yana iya gudun kilomita 48 a awa, yana hawa bishiya cikin ƙiftawar ido, kuma ya iya ruwa. Girmansa bai kai yadda finafinai ke nunawa ba, namiji a tsakiyar shekara wajen kilo 113 yake, mace kuwa kilo 45 da ɗan wani abu, shi ya sa wasu ke ganin uwa su ɗauka yarinya ce, amma zuwa watan Oktoba in abinci ya samu suna iya ninka nauyinsu, an taɓa auna wanda ya haura kilo 270 a dajin.

Abin da ake yawan ruɗewa da shi a nan shi ne aladen daji, su ma baƙaƙe ne kuma suna da yawa a gandun, asalinsu ba na nan ba ne shigo da su aka yi suka tsere suka yaɗu. Daga nesa in magariba ta kawo jiki sai ka ga baƙin abu yana tono a bakin daji ka ce beyar ne, toh ka duba da kyau, alade dogon baki gare shi da siraran ƙafafu da wutsiyar da yake kaɗawa, kansa kullum a ƙasa, beyar kuwa ƙafafunsa kauri gare su kuma yakan ɗaga kai ya shaƙi iska lokaci-lokaci.

In tafiya ta kai ka yammacin ƙasar, irin su Yellowstone ko Glacier ko Alaska ko yammacin Kanada, nan ne aikin gane wa ke zama da nauyi, don can akwai girizili, wato wani jinsin beyar na daban, kuma can launi ba ya gaya maka komai. Baƙin beyar a yamma yakan zo ruwan ƙasa, ko ja-ja, ko ma fari-fari, a gaɓar British Columbia akwai farare tas da ake kira Kermode kuma duk jinsin baƙin beyar ne, shi kuma girizili yakan yi duhu har ka rantse baƙi ne. Abin dubawa shi ne tozo, girizili yana da tozo a kafaɗa wanda ya fi ƙugunsa tudu, fuskarsa a lotse take tsakanin ido da hanci, kunnuwa gajeru a zagaye, faratansa dogaye masu haske na tono, baƙin beyar kuma faratansa gajeru ne a lanƙwashe na hawa bishiya. Na tsaya a kan wannan ne don abin da za ka yi in ɗaya ya kawo maka hari daban yake da na ɗayan, zan zo kai. A Smoky dai babu girizili ko ɗaya.

Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne tun kafin ka ga beyar ɗin dajin zai gaya maka yana nan in kana kallon ƙasa. Bayan an yi ruwa ka duba taɓo a gefen rafi, sawunsa yatsu biyar ne, na ƙafar baya dogo ne har da dunduniya sai ka ce mutum ne ya taka ba takalmi, sai dai faɗin ya fi. Za ka ga ruɓaɓɓen gungume an yage shi an watsar da ɓawon, cikin ya zama gari-gari ja, tururuwa na ta gudu da ƙwayayensu, wannan aikinsa ne, tsutsa da tururuwa yake nema. Za ka ga dutse an birkice shi, gefen da ke da danshi yana sama. Za ka ga rami a ƙasa da ragowar saƙar zanzaro a warwatse, ya tone gidansu ya cinye 'ya'yan, harbin bai dame shi ba. Kashinsa kuma, ku yi haƙuri da zancen, tuli ne cike da ƙwallayen 'ya'yan itace, a watan Yuli da Agusta har launin shunayya yake yi saboda ƙananan 'ya'yan itacen da ake kira beri, in ka ga yana da danshi ƙudaje na kai toh mai shi bai yi nisa ba, sai ka ɗaga murya kana magana kana tafiya, ka tattaro yara kusa da kai.

Wannan ya kawo mu ga cimarsa, wadda ita ce mabuɗin komai. Mutane na ɗauka nama ne abincinsa, alhali kusan kashi 85 cikin 100 na abin da yake ci tsiro ne. In ya fito daga kwanciyar hunturu wajen Maris zuwa Afrilu a rame yake, sai ɗanyar ciyawa da tohon itace da wani tsiro mai kama da ƙaramin zangarniyar masara da ke fitowa a gindin itacen oak, sai ƙwari da mushe in ya samu. Yuni zuwa Agusta beri ya nuna, sai cerin daji ya biyo baya. Daga Satumba kuma sai ya shiga wani irin ci na fitar hankali, yana iya kwashe awa 20 a rana yana ci, 'ya'yan oak da na hikori yake bi don su ke da mai, domin kitsen da ya tara a wannan 'yan watannin da shi zai yi hunturu gaba ɗaya ba ci ba sha. A da can itacen cesnot ne ya cika duwatsun nan yana zubar da 'ya'ya duk shekara ba fashi, sai wata cutar itace da aka fara gani a New York a 1904 ta bi su ta kashe kusan duka kafin tsakiyar ƙarnin, ya rage sai oak, shi kuma oak ba kullum yake yin 'ya'ya da yawa ba, wata shekarar ya zuba wata shekarar ya ƙi, ga aladen daji na rabon abin da su. Shekarar da oak ya ƙi, nan ne za ka ji beyar sun gangaro Gatlinburg da sauran garuruwan gindin dutse suna bin kwandon shara, motoci na bankewa a titi, 'ya'ya na zama marayu. Yunwa ce ke koro su ba mugunta ba.

Haihuwarsu ma abin a tsaya a yi tasbihi ne. Suna barbara wajen Yuli, amma cikin ba ya kama girma sai ƙarshen shekara lokacin da uwar za ta shiga makwanci, in ba ta tara isasshen kitse ba cikin ba ya zama. A Smoky da yawansu ba a kogon dutse suke kwanciya ba, cikin kogon manyan tsofaffin bishiyoyi suke hawa can sama nesa da ƙasa. A nan cikin sanyin Janairu zuwa Fabrairu take haihuwa, ɗaya zuwa huɗu, kowanne bai wuce giram 230 ba, ido a rufe, ta yi ta shayar da su alhali ita ba ta ci komai ba tun Disamba. Za su zauna da ita wajen wata 18 tana koya musu inda abinci yake da abin gudu, sannan ta kore su ta sake ɗaukar wani cikin. Ka riƙe wannan a ranka, duk abin da uwa ta saba da shi shi 'ya'yan za su koya, in ta koyi cin shara toh zuri'a guda aka lalata.

Wurin da na fi kai baƙi shi ne Cades Cove, wani kwari mai faɗi da duwatsu suka kewaye, da filayen ciyawa da tsofaffin gidajen katako da coci-coci na mutanen da suka zauna wurin kafin a mai da shi gandu. Hanya ce guda mai zagaye, mil 11, kusan kilomita 18, mota ba ta juyowa sai dai gaba. Da sassafe ko daf da magariba aka fi dacewa, da rana tsaka suna kwance a inuwa. Sai Roaring Fork kusa da Gatlinburg, ita kuma siririyar hanya ce cikin duhuwa. Shiga dajin kyauta ne amma tun 2023 in za ka ajiye mota fiye da minti 15 sai ka sayi takardar fakin, dala 5 a yini. A watannin zafi akwai ranar Laraba da ake hana motoci shiga zagayen Cades Cove sai masu keke da masu tafiya a ƙasa, ka duba kafin ka taso. Kuma don Allah ka zo da madubin hangen nesa, ko na aro ne, shi ne zai raba ka da sha'awar matsawa kusa.

Wata safiya cikin Agusta muna tare da ɗan yayata, mun faka a gefen hanya inda aka tanada, sai ya taɓa ni ya ce Kawu dubi bishiyar can tana motsi kuma ba iska. Bishiyar ceri ce a ƙarshen fili, na sa madubi sai ga uwa can sama ta zauna a kan reshen da ni dai ba zan ce zai ɗauke ta ba, ta miƙa hannu ta jawo wani reshen zuwa bakinta tana tsinke 'ya'yan da leɓe ɗaya bayan ɗaya, a hankali, leɓen na motsi kamar yatsu, in ta gama da reshe sai ta karya shi ka ji ƙas daga inda muke, ganye na zubowa. Ƙasa da ita 'ya'ya biyu, ɗaya ya rungume gindin reshe yana barci ƙafafunsa na reto, ɗayan yana ta ƙoƙarin kwaikwayon uwar yana jawo reshe yana kuɓuce masa. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda muke ba. Yaron nan ya riƙe madubin ya ƙi ba ni, sai faɗi yake Kawu wallahi hannu gare ta kamar mutum. Wannan shi ne kallon da nake nufi, dabba tana harkarta ba ta san da kai ba, ko ta sani ba ka dame ta ba, kuma duk abin da muka gani mun gan shi ne saboda muna nesa, da mun matsa da ta daina ci ta kora 'ya'yan sama ta zuba mana ido.

Dokar gandun a fili take, haramun ne ka matsa kusa da beyar ƙasa da yadi 50, wato wajen mita 46, kusan rabin filin ƙwallo, ko kuma duk wata tazarar da za ta sa ya canza abin da yake yi, kuma tarar tana iya kai dala 5,000 ko ɗaurin wata shida. A Yellowstone ma yadi 100 ne. Ba sai ka zo da abin awo ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ya daina ci ya ɗago yana kallonka, ko ya canza hanya, ko ya fara zirga-zirga, ka yi kusa kenan, ja da baya. Amma je ka ga abin da ke faruwa in beyar ya bayyana a bakin hanya, motoci su tsaya a tsakiyar titi a bar ƙofofi a buɗe, mutane su fito da waya a hannu suna rige-rige, wasu da jarirai a kafaɗa, su yi masa zobe, wani ma ya juya masa baya don ya ɗauki hoton kansa da shi. Ma'aikatan gandu da 'yan sa-kai su yi ta fama suna mai da mutane baya. A 2010 a hanyar Laurel Falls wani mai ɗaukar hoto ya bari wata 'yar ƙaramar beyar da ba ta kai kilo 30 ba ta matso har ta cije shi a ƙafa, ciwon ma ba wani babba ba, amma tunda ta ciji mutum dole aka kashe ta, kuma abin da ya sa ta saba da mutane tun farko shi ne abincin da masu wucewa ke bari a hanyar. Shi ya koma gida, ita ta tafi kenan. A Afrilun 2024 kuma bidiyo ya zagaya duniya daga Asheville a North Carolina, mutane suna fizgo 'yan beyar daga kan bishiya don su yi hoto da su, ɗaya ta ƙare a gidan renon namun daji ba uwa. Ranar da na ga bidiyon nan raina ya ɓaci matuƙa.

Zancen abinci kuwa shi ne ya fi shafarmu mu Hausawa, don mu ba ma fita yawon buɗe ido hannu sake, sai an soya kaza an yi dambun nama an ɗauko kilishin da aka kawo daga gida, in lokacin Babbar Sallah ne ma har gashi ake yi a wuraren da aka tanada. Ba laifi a ci, amma ka sani hancin beyar ya fi na kare nesa ba kusa ba, kuma ba ya mantuwa, wurin da ya samu abinci sau ɗaya zai dawo. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki a Yankari ya san yadda gwaggon biri ke fizge leda a hannun mutum har su shiga ɗaki in an bar taga, toh haka abin yake farawa a nan, sai dai wannan yana iya ɓalle ƙofar mota, wasunsu ma sun iya jan hannun ƙofar su buɗe in ba a kulle ba. Saboda haka in kun gama ci a kwashe komai, ƙashin kaza, ɓawon ayaba, shinkafar da yara suka zubar a ƙasa, man da ya ɗiga a kan wayar gashi, kar a ce ai tsuntsaye za su ci. A zuba a kwandon ƙarfen nan mai murfin da sai ka sa hannu ciki ka danna yake buɗewa, a tabbatar ya rufu. Kular abinci da sauran abin da ya rage su koma but ɗin mota a kulle a ɗage gilashi. Hatta turare da man shafawa da man goge baki da sabulu ƙamshinsu na jawo shi, masu kwana a cikin daji akwai wayoyin ƙarfe da aka ɗaura a sansanoninsu don a rataye jaka can sama, ba a kwana da ko alawa a cikin tanti.

Turawan nan suna da wata magana wai beyar ɗin da aka ciyar matacce ne, kuma ba ƙari a ciki. Na daji yakan yi shekara 12 zuwa 15 ko fiye, wanda ya saba da abincin mutane hukumar gandun ta ce rabin haka yake yi, ko mota ta buge shi, ko ya haɗiye leda da gwangwani, ko maharbi ya same shi a sauƙaƙe a wajen gandu, ko ya ji wa wani ciwo a kashe shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma wa ya koya masa kwaɗayin?

Yanzu in kun yi kiciɓis a hanyar ƙafa fa? Farko dai kar ka gudu, ko kusa ba za ka tsere masa ba kuma gudun ne zai sa ya bi ka, kar kuma ka hau bishiya don can ne gidansa. Ka tsaya, ka ɗauki ƙaramin yaro, ku haɗu wuri ɗaya, ka yi magana a natse ya san mutum ne, ka riƙa ja da baya kana fuskantarsa, ka bar masa hanyar wucewa. Yawanci kafin ka gama wannan ma ya shige daji. In ya miƙe tsaye da ƙafa biyu ba faɗa yake nema ba, so yake ya gani ya shinshina. In ya fara huci, yana haɗa haƙora kana jin ƙas ƙas, yana dukan ƙasa da hannu, ko ya zaburo ya tsaya, abin da ban tsoro amma ma'anarsa ka matse ni ba ni wuri, tsoro ne ke sa shi, sai ka ƙara ja da baya a hankali.

Wanda za ka ji tsoro shi ne mai shiru. Wanda ba ya huci ba ya komai, ya kafa maka ido kawai yana biye da kai, ka canza hanya ya canza. Wani masani ɗan Kanada, Stephen Herrero, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2011 kan mutanen da baƙin beyar ya kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009, suka samu mutum 63 a cikin shekaru sama da ɗari, wato abin ba kasafai yake faruwa ba sam, amma kusan kashi 88 cikin 100 na hare-haren farauta ce, beyar ɗin ya ɗauki mutumin a matsayin abinci, kuma kashi 92 na waɗannan beyar ɗin maza ne. Wato uwa mai 'ya'ya da kowa ke tsoro ba ita ce mai kisa ba a wannan jinsin, ita yawanci kora 'ya'yan take yi sama ta yi maka barazana, ko da yake wannan ba lasisin matsa mata ba ne. A Smoky ma an taɓa rasa rai, a shekarar 2000 beyar ya kashe wata mata a yankin Elkmont, shi ne karon farko a tarihin gandun. Toh in mai shirun nan ya biyo ka, ja da baya ya ƙare, ka tsaya ka buɗe hannuwa ka ɗaga riga ko jaka ka ƙara girma, ka hau kan dutse ko tudu, ku yi ta ihu kuna tafi, ka jefe shi da dutse ko icce, kar ka jefa masa abinci. In kana da feshin barkonon nan na beyar, an yarda a riƙe shi a gandun, ka fesa in ya matso, amma ya kasance a ƙugunka yake ba a ƙasan jaka ba. In kuma ya kai ga ya kama ka toh ka yi faɗa da duk abin da ke hannunka, ka nufi hanci da ido. Kwanciya a yi kamar an mutu dabara ce da ake yi wa girizili mai kare kanta ko 'ya'yanta, wanda ya yi wa baƙin beyar haka ya sauƙaƙa masa aiki ne.

Kare ma matsala ne, shi ya sa hanyoyin ƙafa biyu kacal aka yarda a shiga da shi a duk gandun, Gatlinburg Trail da Oconaluftee River Trail, don kare kan je ya tsokano beyar ya rugo wajen mai shi da beyar a bayansa.

In ka ga ɗan beyar shi kaɗai yana kuka a gindin bishiya ko a sama, na san zuciya za ta karye, kukan nasu kamar na jariri yake, amma kar ka taɓa, kar ka tsaya a wurin ma, galibi uwar na kusa tana jira ne ku watse ta dawo, tsayuwarku ce ke hana ta. In da gaske maraya ne akwai masu aikin, a garin Townsend akwai Appalachian Bear Rescue da ke renon irinsu tun 1996, suna renonsu ne ta yadda ba za su riƙa ganin mutum ba, in sun yi ƙwari jami'an namun daji su mai da su daji. Naka kawai ka lura da wurin ka sanar.

Sanarwar nan kuma kar a raina ta. Mu mun saba in abu bai shafe mu ba mu ce ba ruwanmu, ko mutum ya ji tsoron kar a tsare shi da tambayoyi, amma in ka ga beyar yana zagaya teburan cin abinci, ko yana leƙa motoci, ko wani yana jefa masa biredi, ka tsaya a ofishin baƙi na Sugarlands ko na Cades Cove ko Oconaluftee ka faɗa wa ma'aikaci wuri da lokaci. In labari ya zo musu da wuri suna da dabaru, su kore shi da ƙara da harsashin da ba ya kisa, ko su kama shi su sa masa lamba a kunne su sake shi ya tafi da tsoron mutane, ko su rufe hanyar ko sansanin na ɗan lokaci har ya manta da wurin. In aka yi shiru har ya ciji wani, zaɓin da ya rage musu kaɗan ne, kuma wani lokacin ma ba mai laifin ake samu ba, a 2015 bayan wani beyar ya jawo wani yaro ɗan shekara 16 daga ragar da yake barci a Hazel Creek, mahaifinsa ya kore shi da ƙyar, an kama wani beyar a wurin an kashe, daga baya gwajin ƙwayar halitta ya nuna ba shi ba ne.